Daga Baki Zuwa Takarda: W.C. Handy da Tarihin Rubuta Waƙoƙin Buluz a Amurka

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da raba waƙa gida biyu, wato waƙar baka da rubutacciyar waƙa, kuma duk ɗalibin da ya zauna ajin farko ya haddace bambance-bambancen da ke tsakaninsu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da kan faru a daidai lokacin da waƙa take ƙetarawa daga gida na farko zuwa na biyu: wa ya ɗauko ta, me ya rage mata, me ya ƙara mata, kuma sunan wa aka rubuta a kanta bayan ta isa. Wannan maƙala za ta duba irin wannan ƙetarawa a wata al'umma ta nesa, wato baƙaƙen fatar kudancin Amurka, ta hanyar bin sawun mutum guda, William Christopher Handy (1873–1958), shugaban makaɗa kuma mawallafin waƙoƙi, wanda ake yi wa laƙabi da Uban Buluz.

An zaɓi Handy ne saboda ya bar shaida mai yawa game da inda ya samo waƙoƙinsa, abin da kaɗan ne daga cikin tsararrakinsa suka yi. Ban da haka, waƙoƙin nasa suna cikin jarin da makaɗan jaz na farko suka yi ta juyawa. A wannan maƙala an rubuta sunayen nau'o'in kiɗan yadda bakin Bahaushe zai furta su, wato buluz da jaz da ragtaim, an kuma yi amfani da kalmar "gaɓa" a matsayin ma'aunin da makaɗan Turai ke yanka kiɗa da shi, wanda a irin waɗannan waƙoƙi yake ɗauke da bugu huɗu.

2.0 Asalinsa da Horonsa

An haifi Handy ranar 16 ga Nuwamba, 1873, a garin Florence na jihar Alabama, shekara 8 bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a Amurka. Mahaifinsa da kakansa duk limaman coci ne, kuma a gidansu duk kiɗan da ba na ibada ba aikin Shaiɗan ne. A littafin tarihin rayuwarsa, Father of the Blues, wanda ya fito a 1941, ya ba da labarin yadda ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi jita, mahaifin ya tilasta masa ya mayar da ita kanti ya musanyo ƙamus. A makaranta kuwa ya koyi karanta alamomin kiɗa da rubuta su, daga baya ya ƙware a busa konet, wato wani nau'in begila.

A 1896 ya shiga ƙungiyar wasan yawo ta Mahara's Minstrels. Irin wannan wasa Turawan Amurka ne suka fara shi, suna shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don a yi dariya, amma zuwa ƙarshen ƙarni na 19 baƙaƙen fata su ma sun shige shi, domin ita ce kusan ƙofa ɗaya tilo da makaɗinsu zai bi ya ci abinci da sana'arsa. Da wannan ƙungiya Handy ya zaga Amurka, har ya je Kyuba a 1900. Daga 1900 zuwa 1902 ya koyar da kiɗa a wata kwalejin baƙaƙen fata da ke Normal, a Alabama. A 1903 ya koma Clarksdale, a jihar Misisipi, don ya shugabanci 'yan badujalar ƙungiyar Knights of Pythias.

Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya isa Clarksdale ba mawaƙin gona ba ne. Ɗan boko ne mai shekara kusan 30, wanda ya saba da kiɗan fareti da na ɗakunan rawa na Turai, kuma shi da kansa ya amsa cewa a wancan lokaci yana raina waƙoƙin talakawan karkara, yana ganin maimaicinsu ya yi yawa.

3.0 Abin da Ya Ji a Delta

Clarksdale tana tsakiyar yankin Delta, wato fadamar auduga da ke tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazoo, inda yawancin jama'a baƙaƙen fata ne masu noman kashi-mu-raba a gonakin Turawa. Handy ya kawo labari biyu daga wannan yanki, kuma duk wanda ya yi rubutu a kan tarihin buluz sai ya bi ta kansu.

Na farko ya faru ne a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler, wajen 1903. Yana jiran jirgin da ya makara sai ya ji wani mutum cikin tsummokara yana kaɗa jita, yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin har suna kuka kamar muryar mutum. Layi ɗaya kawai mutumin yake rerawa, yana maimaita shi sau uku, kuma layin yana magana ne a kan wurin da hanyoyin jirgi biyu suka gitta juna. Da Handy ya tambaye shi ma'ana, sai ya gane garin Moorhead ake nufi, inda layin Southern ya gitta wani ƙaramin layi da mutanen yankin ke yi wa laƙabi da Yellow Dog. Handy ya riƙe layin waƙar, ya riƙe karin, ya riƙe har yanayin takalman mutumin, amma bai rubuta sunansa ba.

Na biyu ya faru a garin Cleveland, shi ma a Misisipi. Ana cikin rawa, makaɗan Handy suna bin takardunsu, sai masu biki suka roƙi a ba wasu 'yan gari su uku dama su ɗan taɓa. Da tsohuwar jita da mandolin da wata babbar goge mai kaurin murya suka shiga wani kiɗa mai zagayawa wuri ɗaya, ba farko ba ƙarshe. Kafin su gama an yi musu ruwan dalolin azurfa da suka fi ladan da aka biya ƙwararrun makaɗansa na dukan daren. Handy bai ɓoye ba cewa kuɗin nan ne suka buɗe masa ido. Wannan gaskiya tasa abin yabawa ce, domin da yawa daga cikin masu tattara adabin baka sun fi son a ce ƙaunar al'ada ce kaɗai ta fitar da su daga gida.

Waɗannan labarai da kansu sun isa shaida cewa Handy tarar da buluz ya yi. Akwai kuma shaidu daga wasu bakuna. Charles Peabody, wanda ya je haƙar kayan tarihi a gundumar Coahoma, ya buga bayani a 1903 a mujallar Journal of American Folklore game da waƙoƙin da leburorinsa ke yi. Howard Odum ya tattara waƙoƙi a Misisipi da Jojiya tsakanin 1905 da 1908, ya buga su a wannan mujalla a 1911, kuma a cikinsu akwai baitocin da daga baya suka yi ta fitowa a faya-fayan buluz. Mawaƙiya Ma Rainey ta shaida wa John Work cewa ta fara jin irin wannan waƙa a 1902 daga bakin wata yarinya a jihar Misuri. Ko a fagen ɗab'i ma, wani Antonio Maggio ya buga I Got the Blues a New Orleans tun 1908, kuma a 1912 an buga Dallas Blues ta Hart Wand da Baby Seals Blues.

4.0 The Memphis Blues da Darasin Haƙƙin Mallaka

Daga Clarksdale Handy ya koma birnin Memphis, inda titin Beale ya zama cibiyar harkarsa. A zaɓen magajin gari na 1909, masu yi wa E.H. Crump yaƙin neman zaɓe suka ɗauki makaɗansa haya don su tara jama'a a kan tituna. Waƙar da ya shirya, wadda aka sani da Mr. Crump, tana da ban dariya idan aka dubi wanda ya biya kuɗinta. Crump ya yi alkawarin tsabtace gari daga 'yan caca da 'yan zaman kashe wando, kalmomin da aka riƙa rerawa kuwa suna faɗin haka ne, sannan su juyo da bakin mutanen titin suna cewa ko oho, ba za su fasa sha'aninsu ba. Wato habaici ne aka yi wa ubangida da kuɗinsa, kuma duk da haka ya ci zaɓen.

A 1912 Handy ya buga kiɗan da kuɗinsa, ba tare da kalmomi ba, da sunan The Memphis Blues. A jikin takardar an kira shi ragtaim na kudu, kuma lalle ƙirarsa gauraye ce: akwai sashe mai gaɓa 16 irin na ragtaim, akwai kuma sassa masu gaɓa 12 irin na buluz. A ruwayar Handy, wani ɗan kasuwar waƙoƙi mai suna Theron Bennett ya sa shi ya yarda cewa takardun ba sa tafiya a kanti, shi kuwa ya sayar masa da haƙƙin mallakar a kan kuɗi kaɗan ƙwarai. Bennett ya kai waƙar Niyok, a 1913 George Norton ya sa mata kalmomi, a 1914 aka ɗauke ta a faifai, ta game ƙasa. Abin takaicin shi ne kalmomin Norton yabon makaɗan Handy suke yi har da ambaton sunansa, ga suna ya tafi ko'ina, ga aljihu wayam.

Don a fahimci girman wannan asara sai an dubi dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909. Dokar ta ba mai waƙa kariya ta shekara 28, da damar sabuntawa na wasu 28, ta kuma wajabta wa kamfanin faifai ya biya mai haƙƙin santi 2 a kan kowane faifai. Amma waƙar da doka ta sani ita ce wadda aka rubuta aka yi wa rajista. Mutumin tashar Tutwiler, a idon wannan doka, ba shi da waƙa ko ɗaya. Handy ya gane cewa iya rubutu shi ne jarinsa, kuma rubutun ma ba ya amfani sai mutum ya riƙe takardar a hannunsa. Saboda haka ya haɗa gwiwa da Harry Pace suka kafa kamfanin ɗab'in waƙoƙi na Pace and Handy a Memphis, wanda suka mayar Niyok a 1918. The Memphis Blues kuwa ba ta dawo hannunsa ba sai 1940, da wa'adin farko ya cika.

5.0 Ƙirar St. Louis Blues

A watan Satumba na 1914, yana da shekara 40, Handy ya fitar da waƙar da ta fi kowace tasa shahara. Ya ce ya kama ɗaki ne kusa da titin Beale ya kwana yana aikinta. Idan aka warware ta za a ga kusan kowane zare yana da inda aka samo shi. Jigon ya samo asali ne daga shekarun 1890, lokacin da ya yi zaman rashin aiki a birnin St. Louis har yana kwana a bakin kogi, inda ya ga wata mata tana tafe tana kukan ƙeƙashewar zuciyar mijinta. Karin sashen ƙarshe ya ɗauko shi daga wani kiɗansa na 1913, Jogo Blues, kuma ya ce asalin karin daga bakin wani mai wa'azi ya ji shi tun yana yaro. Ita kalmar "jogo" a saran 'yan wasan yawo tana nufin baƙar fata. Sashen tsakiya kuwa an ɗora shi a kan bugun habanera, wanda ya ji a Kyuba, kuma a 1914 rawar tango mai irin wannan bugu ita ce yayi a Amurka.

To, ina aikin Handy ke nan? Aikinsa yana cikin jerantawa. Waƙar ta fara da baiti biyu na buluz masu gaɓa 12, inda mace ke faɗin halin da take ciki da faɗuwar rana bayan mijinta ya bar gari. Daga nan sai sashe mai gaɓa 16, kari ya sauya ya yi duhu, bugu ya koma na tango, kuma a daidai nan ne aka shigo da kishiyar, wato matar birni mai zobba da kwalliyar kanti wadda ta janye mijin. Sannan sai a komo buluz mai gaɓa 12 da sabon kari. Ke nan baƙon bugu ya zo tare da baƙuwar mace. Mawaƙin karkara yakan ɗauki kari ɗaya ya yi ta ɗora masa baitoci, kowane baiti mai cin gashin kansa, har dare ya raba. Handy ya ɗauki kari uku ya gina labari mai mafari da tsakiya, irin wanda mai sayen takarda a kanti zai iya bi a kan fiyanon ɗakinsa. A ganina wannan ita ce gudummawarsa ta haƙiƙa, kuma ba ƙarama ba ce.

5.1 Baiti Mai Layi Uku

Baitin buluz yana da layi uku, kowane layi yana cin gaɓa 4. Handy ya ce shi ya ga maimaita layi ɗaya sau uku yana gundura, don haka ya zaɓi ya faɗi magana a layin farko, ya maimaita ta a na biyu, sannan ya kawo dalilinta a na uku. Da wuya a yarda cewa shi ya ƙago wannan tsari, ganin yadda ya bazu a bakin mawaƙan karkara da ba su taɓa ganin takardarsa ba. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne takardunsa sun taimaka wajen mayar da shi ƙa'ida, har mawallafan Niyok suka ɗauka cewa buluz ke nan.

Haka kuma, muryar mawaƙi ba ta cika gaɓa huɗun nan. Takan tsaya bayan ta ɗan wuce rabi, a bar fili. A karkara jita ce ke cike filin, tana yi wa mai ita aikin 'yan amshi. Handy ya bar wannan fili a rubuce, kuma nan ne makaɗan jaz suka samu wurin zuba fasaharsu. Abin mamaki shi ne shi kansa mutum ne mai son a bi takarda sau da ƙafa. Faya-fayan da makaɗansa suka yi wa kamfanin Columbia a 1917, shekarar da faifan jaz na farko ya fito, sun fi kusa da kiɗan fareti.

Akwai kuma matsalar da duk mai nazarin harshe zai gane. Mawaƙan baƙaƙen fata sukan lanƙwasa murya a mataki na uku da na bakwai na tsanin sauti, ta faɗa tsakanin maɓallai biyu na fiyano, inda rubutun kiɗan Turai ba shi da alama. Handy ya yi dabarar rubuta sautin da ke ƙasa kaɗan, yana gwama shi da na asali, don kunne ya ji kamar an lanƙwasa. Wannan kusantawa ce kawai. Kamar yadda daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali, ta bar wa mai harshen ya cike da saninsa, haka takardar Handy take: ɗan gida ya karanta ya rera daidai, baƙo ya karanta ya fitar da wani abu dabam.

5.2 Zaɓin Karin Harshe

Handy ya rubuta kalmomin St. Louis Blues da karin Ingilishin baƙaƙen fatar kudu, yana sauya rubutun kalmomi don su nuna furuci, misali "de" a maimakon "the". Wannan zaɓi yana da haɗari a wancan zamani. Irin wannan rubutu shi ne tambarin wasannin yawo da ke mayar da baƙar fata abin dariya, kuma 'yan bokon baƙaƙen fata da yawa suna ƙyamarsa. Mawaƙi Paul Laurence Dunbar ya yi ta kukan cewa waƙoƙinsa na karin harshe kaɗai ake so, ba a kula da waɗanda ya yi da daidaitaccen Ingilishi. A 1922 James Weldon Johnson, a gabatarwar da ya yi wa The Book of American Negro Poetry, ya yanke hukuncin cewa wannan kari, yadda aka saba rubuta shi, ba ya iya ɗaukar komai sai ban dariya da ban tausayi.

Hujjar Handy ita ce maganar talaka takan ƙunshi abin da gogaggen Ingilishi ba zai iya faɗa a taƙaice ba. Matar da ke magana a waƙarsa ba abin dariya ba ce, ba ta kuma roƙon a ji tausayinta. Tana da kishi, tana da baƙar magana, tana zuwa wurin mai duba, tana shirin bin mijin har inda ya tafi. Shekara 12 bayan haka, a 1926, Langston Hughes ya fitar da The Weary Blues, Sterling Brown kuma ya biyo da Southern Road a 1932, inda baitin buluz da karin harshen suka shiga rubutacciyar waƙa da mutuncinsu. Ba za a ce Handy ne ya haifar da su ba, amma ya riga su nuna cewa abin zai yiwu. Sai dai dole a faɗi cewa a farkon al'amari Turawa ne suka fi rera waƙar a dandamali da faifai, irin su Marion Harris a 1920, kuma a bakin wasunsu tsohon kwaikwayon nan na raini yakan dawo.

Ranar 14 ga Janairu, 1925, Bessie Smith ta ɗauki waƙar a faifan Columbia, Louis Armstrong yana amsa mata da konet, Fred Longshaw yana bin su da ƙaramar molon coci mai iska. Faifan wancan zamani minti uku da 'yan kai yake ɗauka, ita kuwa ta ja waƙar a hankali ƙwarai, don haka ta zubar da yawancin baitocin, ta sassauya kalmomi, bugun tango ma ya ɓace. Duk lanƙwasar da takarda ta kasa riƙewa ta dawo a muryarta. Wato waƙar da aka ɗauko daga baki aka kai takarda ta sake komawa baki, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka koye ta bayan 1925 daga wannan faifai suka koya.

6.0 Abin da Ya Salwanta a Hanya

Handy ya ci gaba da wannan hanya a sauran waƙoƙinsa. Layin nan na Tutwiler ya fito a Yellow Dog Rag ta 1914, wadda aka sake wa suna Yellow Dog Blues a 1919, kuma an shirya ta ne a matsayin amsa ga wata waƙar Shelton Brooks ta 1913 da ke cigiyar wani mahayin dokin sukuwa. Beale Street Blues ta 1917 hoton titin ce da mutanensa, masu mutunci da 'yan sane. Loveless Love ta 1921 ta hau karin tsohuwar waƙar Careless Love, ta kwatanta soyayyar zamani da kayan algus. Aunt Hagar's Blues kuwa ta ɗauko sunan da baƙaƙen fatar Amurka ke kiran kansu da shi, wato 'ya'yan Hajara, baiwar nan mahaifiyar Annabi Isma'ila wadda aka kai jeji da ɗanta.

Wadda ta fi bukatar a tsaya a kanta ita ce Joe Turner Blues ta 1915. Joe Turney mutum ne na gaske, ɗan'uwan Peter Turney wanda ya yi gwamnan jihar Tenesi daga 1893 zuwa 1897. Aikinsa shi ne kwasar fursunoni baƙaƙen fata daga Memphis, a ɗaure a sarƙa ɗaya, zuwa gidan yari ko gonakin da ake ba da hayar fursunoni. A wancan zamani ana kama mutum a kan ƙaramin laifi kamar caca, ko ma ba laifi, don a samu hannun aiki kyauta, wato bauta ce ta dawo da wata riga. Idan mace ta ga dare ya yi mijinta bai dawo ba ta tambaya, sai a ce mata Joe Turner ya zo ya wuce. Daga nan matan suka yi waƙar makoki, kuma Handy da kansa ya ce tana cikin tsofaffin buluz da ya sani.

Da ya zo buga tasa, sai ya riƙe karin da sunan, ya zubar da sarƙar. Joe Turner na takarda wani saurayi ne da ke barazanar barin budurwar da ta wulaƙanta shi. Ana iya ba Handy uzuri: a Memphis ta 1915, baƙar fata mai kamfani ba zai buga waƙar da ke tona asirin gidan tsohon gwamna ya kwana lafiya ba, kuma masu sayen takardunsa rawa suke so. Amma uzuri ba ya mayar da abin da ya tafi. Waƙar da mata suka ajiye tarihin zaluncin da aka yi musu a cikinta ta zama waƙar soyayya, kuma wannan ce aka yi wa rajista. Sai a shekarun 1980 marubucin wasan kwaikwayo August Wilson ya komo da ainihin labarin a wasansa Joe Turner's Come and Gone.

A nan ya kamata mu da muke wannan sana'a mu dubi kanmu. Na taɓa zama kwana uku da wani tsohon makaɗi ina ɗaukar waƙoƙinsa a kaset, na sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba, na juyi waƙoƙin a takarda, na cire baitocin da na ga za su jawo magana, na buga. Takardar ta shiga cikin waɗanda aka ƙirga mini wajen ƙarin girma. Na dai rubuta sunansa, amma ban koma na karanta masa abin da na rage ba.

A ɓangaren yabo kuwa, a 1926 Handy ya fitar da Blues: An Anthology, da gabatarwar Abbe Niles da zane-zanen Miguel Covarrubias. A cikin bayanan littafin an faɗi waƙoƙin baka da ya gina nasa a kansu, har da labarin Joe Turney. Da ya yi shiru, da yawancin abin da ake tuhumarsa da shi yau ba a san shi ba.

7.0 Takaddamar 1938

A 1938 shirin rediyo na Robert Ripley ya gabatar da Handy a matsayin wanda ya ƙago jaz da buluz. Jelly Roll Morton, makaɗin fiyano na New Orleans kuma shugaban Red Hot Peppers, ya fusata ya rubuta doguwar wasiƙa wadda mujallar Down Beat ta buga. Ya ce shi ne ya ƙago jaz a 1902, Handy kuwa kwashe waƙoƙin mutane ya yi, kuma ko kaɗa jaz bai iya ba. Handy ya mayar da martani cewa bai taɓa da'awar jaz ba, abin da ya yi shi ne ya hango amfanin rubuta abin da ya ji ya yi masa rajista tun kafin wasu su farga.

Kowannensu yana da gaskiya a wani gefe. Morton ya fi Handy nisa a jaz, faya-fayansa na 1926 da 1927 sun isa shaida, kuma abin dariya shi ne a cikinsu akwai Beale Street Blues ta Handy. Amma zafin wasiƙar ba na tarihi ba ne kaɗai. Morton ya miƙa waƙoƙinsa ga kamfanin ɗab'i na wasu, bai samu shiga ASCAP, ƙungiyar da ke karɓar wa mawallafa kuɗin rediyo, ba sai 1939, ya kuma rasu a 1941 cikin talauci. Handy ya shiga ƙungiyar tun 1924, yana kuma riƙe da kamfaninsa. Ko da ya makance gaba ɗaya bayan faɗowar da ya yi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1943, St. Louis Blues ta ci gaba da ciyar da shi. A watan Yuli na 1956 yana zaune a cikin 'yan kallo a Niyok lokacin da Armstrong ya busa ta tare da manyan makaɗa ƙarƙashin jagorancin Leonard Bernstein. Ya rasu ranar 28 ga Maris, 1958.

Saura batun 'yan garin nan uku na Cleveland. A littafin da aka buga a 1941 ba a ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, an dai siffanta jagoransu da tsawon ƙafa da launin fata. Manazartan da suka duba rubutun farko na littafin, wanda ba a buga ba, sun tarar Handy ya rubuta sunan: Prince McCoy, makaɗin garin Greenville. A wani mataki tsakanin rubutun hannu da maɗaba'a sunan ya fita. Haka kuma ɗaya daga cikin makaɗan Handy na Clarksdale ya faɗa daga baya cewa karin The Memphis Blues shi ne wanda suka ji a wancan dare. McCoy ya koma jihar Karolina ta Arewa, ya rasu a 1968, shekara 10 bayan Handy, ba tare da ya bar faifai ko ɗaya ba. Yanzu akwai allon tunawa da shi a Greenville, cikin jerin allunan tarihin buluz da jihar Misisipi ta kakkafa.